Kaluluwa Ce, In Ji Umma

Salamu alaikum 'yan uwa. Na ga saƙonninku, har da na waɗanda suka ce na cika ja musu rai. Ba jan rai ba ne, gajiya ce. Wani lokacin in na ɗauki wayar sai in ji ta fi turmi nauyi.

Ga waɗanda yau suka fara shigowa: sunana Safara'u, shekarata ashirin da shida. A Wudil aka haife ni, a jami'ar garin na karanta ilimin halittu, yanzu shi nake koyarwa a wata sakandaren 'yan mata. Saura sati biyar a ɗaura min aure da Muttaka, ɗan Kausani, ma'aikaci a ɗakin gwaje-gwajen jami'a. Sati bakwai ke nan kuma da wani likita a Kano ya ɗebi tsoka da allura daga mamana na hagu, ya ce kullutun da ke ciki sankara ce.

Mu biyu muka sani, ni da Ummata. Baba ya rasu shekara uku da suka wuce. Muttaka bai sani ba.

Kada ku fara zagina tukuna. Na so in gaya masa tun ranar. Umma ce ta riƙe min hannu a cikin motar haya, daidai lokacin da muke hawa gada, ta ce, "Ke, 'yar nan, ki rufa min asiri. A yi ɗan aikin nan a cire, a yi biki, daga baya kya faɗa masa a ɗakinki." Ni ce 'yar farinta, don haka tun da nake ban taɓa jin sunana a bakinta ba. Ke, 'yar nan, wannan yarinyar, iyakarta ke nan.

Haka kuma ba ta taɓa furta sunan ciwon ba. Ita ta raɗa masa nata. Duk wanda ya ce, "Safara'u ta rame," sai Umma ta ce, "Kaluluwa ce ta fito mata, kun san ta da sa zazzaɓi." Ta faɗa wa maƙwabta, ta faɗa wa mai yi min gyaran jiki, har ta dawo tana faɗa min ni da na ga takardar da idona. Wa ke tsoron kaluluwa? Kowa ya yi ta yana yaro. Ka ji ciwo a ƙafa, ta fito maka a matsematsi, a gasa da ruwan zafi, a shafa man kaɗanya, kwana uku ta baje.

Likitan da zai yi min aiki ya ce kafin ya sa wuƙa yana son a sake duba wajen da sikanin, don akwai wani ɗan ɗigo a hoton farko da bai kwanta masa ba. Layin Kano ya yi tsawo, sai ya haɗa ni da wata likitar hoto, Dakta Sumayya, da ke zuwa wani gidan gwaji a nan Wudil duk ranar Juma'a.

Ranar Juma'a. Duk ɗan Wudil ya san abin da na faɗa. Ranar kasuwa ce, ranar da Achika da Dagumawa da Kausani ke juyewa cikin gari. Na ce wa Umma mu sa niƙabi. Ta ce niƙabi ne ma zai sa a kalle mu. Na sa atamfata ruwan toka, wadda ba ta cikin lefe, na zura dogon hijabi baƙi, muka bi ta lungu don mu kauce wa shanun da ake korawa kara.

Benci uku ne a farfajiyar gidan gwajin, kuma duk masu ciki ne a kai. Kowacce da ledar ruwa a hannu tana tsotsa, don an ce sai mara ta cika hoto ke fita. Ni ma ƙishi nake ji, na sayi leda ɗaya na zauna a ƙarshen benci. Wallahi ban kawo komai a raina ba.

"A'a. Amarya?"

Na ɗago. Gwaggo Dije ce, yayar mahaifin Muttaka, wadda ta jagoranci kawo lefena. Ta rako matar ɗanta, mai ciki wata shida. Tana sanye da leshi ruwan goro da mayafi mai duwatsu, carbi a naɗe a wuyan hannu.

Na durƙusa har ƙasa. "Gwaggo ina kwana. An zo lafiya? Ya mutanen gida?"

"Lafiya lau, amarya. Ya gajiya? Ya shirye-shirye?" Bakinta na gaisuwa, idonta na kan ledar ruwan. Daga nan ya sauka kan hijabina, ya tsaya a tsakiya.

Umma ta yi saurin cewa, "Hajiya, kaluluwa ce ke damunta, muka ce bari a duba."

"Allah sarki," in ji Gwaggo. "Kaluluwa. Allah ya sauwaƙe."

Aka kira sunana, na shiga.

Ɗakin da duhu-duhu, fanka na juyawa a hankali. Dakta Sumayya ba ta fi ni da shekara goma ba, siririya, da tabarau a kan hijabi. Ta sa na kwanta na ɗora hannun hagu a bayan kai. Ta matsa min wani ruwa mai yauƙi, sanyi ƙalau, ta ɗora kan na'urar tana zagayawa. Umma na kan kujera a gefe tana jan carbi, ta kawar da kai.

Ta auna kullutun, wanda na riga na sani. Sai ta gangara gefe, wajen da ke kusa da hammata amma bai kai ba. Nan ta tsaya. Ta koma, ta dawo, ta tsaya.

"Dakta, ki juyo min da allon," na ce. "Ilimin halittu na karanta. Ba sai an lallaɓa ni ba."

Ta dube ni ta saman tabarau, sannan ta juyo shi.

"To, malama. Kin san kaluluwa ba a hammata da wuya kaɗai take ba. Wasu matan suna da ita a cikin maman kansa. Ga guda biyu nan a naki." Ta nuna da yatsa. "Wannan, me ta yi miki kama?"

"Ƙwayar wake."

"Yawwa. Doguwa, bakinta siriri, ga fari a tsakiya, kitse ne. Haka lafiyayya take." Ta matsar da hannunta kaɗan. "Wannan fa?"

Na daɗe ina kallo. Ta yi ƙwallo, baƙa wuluk, babu ko ɗigon fari a cikinta.

"Gurjiya," na ce.

"Gurjiya," ta maimaita a hankali. Ta danna wani maɓalli, sai ga ja da shuɗi suna ƙyalƙyali a gefe-gefenta. "Jini ya kamata ya shige ta ta tsakiya. Wannan ta gefe yake shigarta. Ba zan rantse ba sai an sa allura an ɗebo, ranar Talata a Kano, ni zan riƙe na'urar. Amma ba zan ɓoye miki ba, ta yi kama da wadda ciwon ya isa."

Umma kalma ɗaya ta tsinta a duk bayanin. Ta miƙe tsaye, carbin ya faɗi.

"Likita, kaluluwa kika ce?"

"Eh, Hajiya, amma..."

"Alhamdulillahi. Alhamdulillahi. Ke, ban gaya miki ba? Tun yaushe nake cewa kaluluwa ce? Ga shi likita da bakinta ta faɗa."

Fuskarta ta washe irin yadda rabon da in gani tun Baba na da rai. Dakta Sumayya ta kalle ni, ni ma na kalle ta. Ta buɗe baki, na girgiza mata kai. Na ce a raina, bar ta ta kai gida da shi, ko na awa ɗaya ne.

Da Umma ta fita neman mai a-daidaita, na tambayi abin da ya rage. Dakta ta ce idan allura ta tabbatar, to ciwon ya fara tafiya ke nan, kuma mai yiwuwa likitocina su fara da maganin ƙarin ruwa na watanni kafin a zo maganar aiki. Na san wannan maganin. Na san abin da yake yi wa gashi, na san abin da yake iya yi wa haihuwa. Ɗan aikin da Umma ke lissafin a yi a ɓoye a rufe da rigar amarya ya tashi.

Ta sa hoton a ambulan ta ba ni. Da na fito, Gwaggo Dije na nan a kan benci. Ta kalli ambulan ɗin, ta kalli fuskar Umma da ke ta murmushi, ta ce, "An ga abin da ake nema ke nan."

"An gani, Hajiya, alhamdulillahi," in ji Umma.

A gida na bari ta yi sallar azahar, ta ci abinci. Sannan na zaunar da ita a ɗakina, a gaban akwatunan lefe guda shida da ke jere har saman taga, na yi mata bayanin wake da gurjiya. Sau uku ina maimaitawa. A na ukun ta ce, "To ai dai kaluluwa ce," amma muryarta ta riga ta karye. Ta tashi ta shiga madafa, na ji tana kankare tukunyar da ta riga ta wanke.

Ni kuma na buɗe akwati na huɗu, ban san dalili ba. Nan ne rigunan mama suke, dozin biyu, kala-kala, da leda a jikinsu. Ƙanwar Muttaka ce ta turo min saƙo wata uku da suka wuce tana tambayar lambar da nake sawa, da 'yar fuskar dariya a ƙarshe. Na mayar na rufe.

Asabar da hantsi saƙon Muttaka ya shigo.

"Safara, kina lafiya?"

"Lafiya lau, Malam. Ya aiki?"

"An ce an gan ki jiya."

"Wudil ce ai. Kowa ana ganinsa ranar Juma'a."

Na ga alamar yana rubutu, ya tsaya, ya sake, ya tsaya. Kusan minti goma. Sannan:

"Ki gaya min gaskiya. Ko mene ne."

Na karanta ya fi sau ashirin. Ko mene ne. Shekara huɗu muna tare, ko hannuna bai taɓa riƙewa ba, don haka in har ya yarda da abin da Gwaggonsa ta kai musu, to ya yarda da wani na yi ke nan. Raina ya ɓaci har na ji ɗaci a harshe. Na rubuta masa magana mai tsawo, mai zafi, na goge. Na kife wayar.

Ku da kuke cewa ina da girman kai, na yarda. Shi kaɗai ne abin da ciwon nan bai taɓa ba tukuna.

Lahadi bayan azahar suka yi sallama, Gwaggo Dije da wata ƙanwarta. Sun zo da ledar lemo, wai dubiya. Umma ta shimfiɗa musu sabuwar darduma a falo, ta kawo ruwa da zoɓo da soyayyen kifi na bakin gada. Aka yi gaisuwa ta kai ta kawo: ya gida, ya yara, ya damina, ya mai jiki. Ina ɗaki ina ji, labule ne kawai tsakaninmu.

"Hajiya," in ji Gwaggo, "mu fa ba baƙi ba ne. An riga an zama ɗaya. Shi ya sa na ce gara in zo da ƙafata, kada magana ta bi ta kasuwa."

"Wace magana, Hajiya?"

"Maganar sikanin."

"Ai na gaya miki, kaluluwa ce."

Gwaggo ta yi 'yar dariya. "Shekarata sittin da ɗoriya. Na haifi tara, na yi wa jikoki wanka ban san iyaka ba. Ban taɓa jin an kai kaluluwa sikanin ba. Wadda ake kaiwa sikanin ana shan ruwan leda, mun san ta. Wata tara take yi ta fashe."

Ina jin numfashin Umma daga inda nake. Kalma ɗaya za ta faɗa ta wanke ni, amma kalmar ita ce wadda ta yi sati bakwai tana gudu. An sa ta a tsakiya: ko ta bar 'yarta da sunan cikin shege, ko ta furta sankara a gaban dangin miji. Na jira. Na ƙirga har goma a raina.

"Wallahi kaluluwa ce," in ji Umma, kamar mai roƙo.

Na tashi. Na ɗaura ɗankwali, ban sa mayafi ba, na ɗauki ambulan ɗin na ɗaga labule. Ban durƙusa ba wannan karon. Na zauna a gaban Gwaggo, na zaro hoton na ajiye mata a kan darduma, kusa da farantin kifi.

"Gwaggo ga abin da kika zo gani."

Ta ɗauka, ta nisanta shi da ido, ta matso da shi. Ta miƙa wa ƙanwarta, ta karɓe. Sai ta ɗora yatsa a kan baƙin ƙwallon nan, gurjiyata.

"Inna lillahi. Ga shi nan kuwa. Irin na matar ɗana Garzali sak, lokacin yana wata biyu. Har kan ya fara fita."

'Yan uwa, dariya ta kama ni. Ban shirya ba, ta zo ne kawai, irin wadda ke fita da hawaye. Gwaggo ta saki baki. Umma ta ce, "Ke, lafiyarki?"

"Gwaggo ba ni hannunki."

"Me za ki yi da shi?"

Ban jira ba. Na kamo hannun damanta, mai zobban azurfa, na ɗora a kan mamana na hagu, na danna yatsunta daidai wajen. Ta so ta fizge, na riƙe.

"Kin ji shi? Kamar ƙwallon goriba. Wannan sankara ce. Ciwon daji. Likita ya tabbatar sati bakwai da suka wuce. Abin da kika gani a hoto kuma kaluluwa ce, Umma ba ta yi miki ƙarya ba. A cikin maman take, kuma ana zaton ciwon ya shige ta. Ba ciki ba ne. Ban taɓa sanin namiji ba. In kin koma Kausani, wannan za ki faɗa, ki faɗe shi daidai yadda na faɗa miki."

Na saki hannun. Ta bar shi a sama, kamar ba nata ba. Ta dubi hoton, ta dube ni.

"Yaron ya sani?"

"Yau zai sani."

"Allah ya ba ki lafiya, 'yar nan," ta ce. Amarya ta fita daga bakinta ke nan. Suka tashi, ba su taɓa zoɓon ba. Umma ta raka su har zaure, kamar yadda aka saba, har da "a gaida gida."

Da ta dawo ta zauna a inda Gwaggo ta tashi. Na shirya wa faɗa. Na shirya jin na tona mata asiri, na watsa mata ƙasa a ido, na kashe aurena da hannuna. Ta ɗauki hoton ta daɗe tana kallo, a juye ma ta riƙe shi.

"Safara'u," ta ce.

Sai da na waiga, don na zaci wani ne ya shigo.

"Safara'u, wallahi da ma cikin ne."

Ban yi kuka a Kano ba, ban yi a gaban Dakta Sumayya ba. A nan na yi, da kaina a kan cinyarta, tana shafa min kitson da aka ce zai zube.

Bayan la'asar Muttaka ya zo. Na san labari ya riga ni, don ko turare bai sa ba, hularsa a karkace. Muka zauna a zaure, shi a kan benci, ni a kan tabarma, kamar kullum.

"Sati bakwai, Safara."

"Eh."

"Kullum ina zuwa nan ina yi miki surutun fentin ɗaki da labule. Kina ce min ruwan madara ya fi."

"Har yanzu ruwan madara ya fi."

"Kada ki yi min wasa."

"Kai ma kada ka zo min da fushi, Malam. Jiya me ka rubuto min? Ko mene ne. Ka zaci mene ne?"

Ya sunkuyar da kai. Ya daɗe yana murza hularsa a hannu.

"Na zata," ya ce. "Na awa biyu, ko uku. Gwaggo ta rantse ta ga takarda. Ba zan yi miki ƙarya ba."

Da ya musa, da na tsane shi. Da ya faɗi gaskiya kuma sai na rasa inda zan ajiye fushin.

"To mun yi canjaras," na ce. "Ka zarge ni, na ɓoye maka. Yanzu saurara. Talata za a sa min allura a Kano. In ta tabbata, magani ne na watanni. Gashina zai zube. Wataƙila a cire maman gaba ɗaya. Wataƙila ba zan haihu ba. Kai ne babba a ɗakinku, na san abin da mahaifinka Baffa ke jira. Ba na son a aure ni don tausayi, ba na kuma son a riƙa nuna ka a Kausani ana cewa ga wanda aka yi wa rufa-rufa. Akwatunanku shida suna nan, ko zare ban cire ba. Ka turo a ɗauka."

"Kin gama?"

"Na gama."

"Mu ga hoton."

Na miƙa masa. Shi ma'aikacin ɗakin gwaji ne, bai riƙe shi a juye ba. Na nuna masa waken, na nuna masa gurjiyar, na gaya masa maganar jinin da ke shiga ta gefe. Ya tambayi girmanta, na faɗa. Ya tambayi ko an ga wani abu a hammata, na ce Dakta ta ce can da sauƙi tukuna. Ya gyaɗa kai kamar yana duba aikin ɗalibi.

"Ƙarfe nawa ne Talatar?"

"Tara. Da bakwai za mu bar gida."

Ya miƙo min hoton, ya tashi. "Baffa ya ce in same shi bayan magariba." Bai ce zai dawo ba, bai ce ba zai dawo ba.

Litinin ba kira, ba saƙo. Na je makaranta na koyar da 'yan aji biyar yadda jini ke zagaya jiki, na dawo. Sau ɗaya na duba, na ga yana kan waya, na fita da sauri kada ya ga ni ma ina kai. Da yamma na ce wa Umma a fito da akwatunan. Ta ce in bari a ji daga bakinsu. Na ce ba zan jira a aiko min da mata su tsaya a kaina suna ƙirga zannuwa ba. Ni da ita muka ja su ɗaya bayan ɗaya har zaure, da hannun dama kawai nake ja. Ɗakina ya koma fili, sai sawunsu a kan leda.

Talata na yi wanka tun asuba. Na sa doguwar riga mai maɓalli a gaba, kamar yadda Dakta ta ce, na ɗora hijabi ruwan ƙasa. Umma ta zuba kunu a fulas, ta ƙulle ƙosai a leda, ko da na ce ba zan iya ci ba. Bakwai saura biyar muna zaure, tsakanin akwatuna, za mu fita tasha.

Sai ga ƙarar mota a ƙofar gida. Na san ƙarar. Tsohuwar motar Baffansu ce mai dogon baya, wadda ake kai albasa kasuwa da ita. Ita ta kawo lefen.

Na leƙa. Muttaka ne ke tuƙi, shi kaɗai. Kujerun baya a naɗe suke, an shimfiɗa buhu a kai, yadda ake yi in za a yi lodi.

Umma ma ta gani. Ta ce, "To," ta gyara mayafinta.

Ya shigo ya durƙusa ya gaishe ta, ina kwana, an tashi lafiya, ya mai jiki. Ya miƙe ya dubi akwatunan, ɗaya bayan ɗaya, sannan ya dube ni. Idonsa ja, kamar wanda bai runtsa ba.

"Baffa ya ce in zo in ɗauko kayan."

"Ga su nan. Mun sauƙaƙa maka." Muryata ba ta yi rawa ba, ina alfahari da wannan. "Kai me ka ce masa?"

"Na ce to."

"Madalla. Ɗa na gari. Umma mu tafi, kada mu rasa mota."

Na raɓa shi na fita. Ya biyo ni, ya wuce ni, ya buɗe bayan motar. Na zaci wuri zai gyara wa akwati. Sai ya janye buhun ya ninke, ya kama kujerar ya ɗago ta har ta yi ƙara ta zauna, ya ɗago ɗayar. Ya kaɗe ɓawon albasa da tafin hannu.

"Ya ce in ɗauko," in ji shi. "Bai ce yau ba. Umma bismillah. Safara, shiga, tara ta kusa."

"Malam, na gaya maka ba na son tausayi."

"Na ji. Mota na kawo."

Na tsaya a wajen, da ambulan a hannu, maƙwabta sun fara leƙe ta katanga. Umma ba ta jira ni ba, ta riga ta shige da fulas ɗinta. Na shiga kusa da ita.

Muka fita daga gari. Wayarsa na ajiye a gaban mota, tana fuskantar sama. Muna hawa gada ta fara ruri, daga inda nake ina ganin sunan: Baffa. Ta yi har ta katse. Ta sake.

Muttaka ya dube ni ta madubi.

"In ɗauka?"

"Mahaifinka ne," na ce. "Ɗauka. Amma sa ta a fili, in ji da kunnena."

Ya miƙa hannu.